Tagar Falon Ciyaman

Ranar da aka buga wa tagar falo ƙusa, Malama tana tsaye a bakin ƙofa da tiren shayi a hannu, tana kallon kafinta yana zaro ƙusoshi daga leɓensa ɗaya bayan ɗaya. Mijinta na bayansa yana nuna masa inda zai ƙara. Ciyaman ake ce masa a gida da waje, domin shi ne shugaban ƙungiyar dillalan sigari, kuma sunan ya bi shi har mahaifiyarsa ma da shi take kiransa.

"Nan ma, sa mata biyu. Ba na son ko silin hayaƙi ya fita."

"Baban yara," in ji Malama, "in bai fita ba, ina zai tafi?"

"Ajiye shayin nan. Kin tsaya mana a ka kamar an dasa ki."

Ta ajiye. Kafinta ya saci kallonta, ya mai da kai ga gudumarsa.

Doka ce ta kawo ƙusar nan. An yi sabuwar doka da ta hana shan taba a ofis, da tasha, da gidan abinci, da motar haya, da kasuwa, da duk inda jama'a ke cuɗanya. Mutane suka yi ta sa albarka, har da Malama, malamar makaranta wadda ta taso da ɗan ciwon asma tun tana yarinya. Ba ta san a kanta dokar za ta sauka ba. Da can Ciyaman da abokansa a kan benci suke zama, a ƙofar shagonsa na kasuwa, su busa abinsu iska ta kwashe. Shi kaɗai yake shan nasa a gida, kuma wannan ta daɗe da sabawa da shi, ta buɗe taga ta yi haƙuri. Da aka tashe su daga benci, sai suka naɗe majalisar tasu kacokan suka kawo ta falonta.

Tagar falon ɗaya ce, kuma a kan barandar wani kantin magani take buɗewa. Mai kantin ya yi haƙuri, ya gaji, ya kai ƙara. Da safiyar ranar da aka buga ƙusar, duba-gari ya zo, mutum mai ladabi, ya gaisa ya ce:

"Ranka ya daɗe, abin da ka yi a cikin gidanka naka ne. Doka ba ta shiga ɗakin kowa. Iyaka dai kada ya fito wa jama'a."

Ciyaman mutum ne mai bin doka, wannan kowa ya shaida. Kafin azahar ya aika aka kira kafinta. Ga shi kuma zaman majalisar dokoki ya ƙarato, inda za a saurari ra'ayin jama'a kan ko a ƙara matse cinikin sigari, kuma shi aka zaɓa ya yi magana da yawun dillalai. Mutumin da zai tsaya gaban 'yan majalisa ba zai yarda a ce an taɓa cin tararsa ba.

Gidan ba wani babba ba ne. Falo a tsakiya, ƙofar uwarɗaka a dama, ƙofar sito a hagu, inda katan-katan na sigari suke jibge har rufi. Uwarɗakan tana da 'yar taga can sama mai kallon katangar maƙwabta, tazarar da ko kyanwa sai ta matse kafin ta wuce. Yara sun girma sun tafi karatu. Saboda haka hayaƙin da aka hana shi titi, hanya ɗaya ta rage masa. Ya bi ta ƙarƙashin ƙofa, ya shiga labule, ya shiga katifa, ya kwanta a cikin kayan sawarta.

Bayan la'asar suke taruwa. Wata rana su kaɗan, wata rana falon ya cika har wani ya zauna a hannun kujera. Mai yawan maganarsu shi ne wanda suke kira Lauya, ba don ya gama karatun lauya ba, don dai ya taɓa farawa. Shi ke shirya wa Ciyaman jawabin da zai yi. Yakan miƙe tsaye, karan sigari tsakanin yatsu, yana nuna bango da shi kamar bangon ne ɗan majalisa.

"Ka ce musu, ya ku masu girma, wannan kaya dokar ƙasa ta yarda da shi. Muna biyan haraji. Ba ma sayar wa yara. Baligi ne ya tako da ƙafarsa, ya zo ya saya. Wa muka ɗaure? Wa muka danne muka cusa wa a baki?"

"Babu!" suka amsa baki ɗaya.

"Sukari ma yana kashe mutane. Mota ma tana kashe mutane. A hana mota mana, kowa ya koma jaki!"

Ana cikin dariyar ne Malama ta shigo da butar shayi. Daga ƙofa zuwa tebur ba nisa, kuma ta koyi dabara: ta cika ƙirjinta da iska tun daga madafa, ta riƙe, ta ajiye, ta juya. Ranar ba ta kai ba. Tari ya sarƙe ta a tsakiyar falo, ya lanƙwasa ta, murfin butar yana ta karkarwa a hannunta.

"Sannu, matarmu," in ji Lauya. "Allin makarantar nan zai ƙarasa mana ke. Ni na rasa abin da ya sa gwamnati ba ta hana alli ba."

Suka sake fashewa. Ciyaman ya murmusa, ya kaɗe toka a kan faranti.

"Ruwan sanyi ne. Na hana ta, ba ta ji."

Dokar ta kuma ce kowane kwalin sigari sai ya ɗauki hoton gargaɗi. Sabon kaya da hotonsa yake zuwa daga kamfani, amma Ciyaman yana da tsohon kaya maƙil a sito, kuma ba ya son baƙin ido su shigo su ga abin da ya tara. Aka kawo sitika ɗauri-ɗauri. Aikin ya faɗa kan Malama. Ta dawo daga makaranta, ta ɗora tukunya, ta sauke, sannan ta shimfiɗa tabarma a ƙofar sito, ta ɓare, ta manna, ta shafe da babban yatsa. Hoton huhun mutum ne, baƙi ƙirin, kamar soson da aka goge gindin tukunya da shi. A ƙarƙashinsa an rubuta da ja cewa shan taba yana kisa.

"Miƙar da shi sosai," Ciyaman yakan ce in ya zo wucewa. "In ya karkace sai su ce mun raina doka."

A makaranta kuwa doka ta yi aikinta tsaf. An kafa allo a bakin ƙofa, an zana karan sigari an ja masa jan layi. Mai gadi ma sai ya tsallaka titi in ƙishin taba ya taso masa. 'Yan aji uku Malama take koyarwa, kuma an san ta da murya. In tana karanta wa yara labari, har ajin da ke maƙwabtaka da nata yakan yi tsit. Yanzu jimla ɗaya sai ta gutsura ta gida uku. Ta fara, ta tsaya, ta dafa tebur, ta lalubo abin shaƙarta a jaka, ta juya wa yara baya ta fesa.

Wata safiya ta sunkuya duba littafin wata yarinya a layin gaba. Yarinyar ta toshe hanci, ta ce wa ta kusa da ita, da muryar da ta ɗauka raɗa ce:

"Malama tana shan sigari."

Kafin mako ya zagayo shugabar makaranta ta kira ta ofis, ta rufe ƙofa.

"Ba zarginki nake ba, wallahi. Amma iyaye sun fara magana. Kin san yadda ake ji da wannan abu yanzu."

"Ban taɓa sa shi a bakina ba."

"Na sani, 'yar uwa, na sani. Ki dai riƙa shanya mayafinki a waje. Ko ki ɗan sa turare."

Turare shi ma tayar mata da ciwon yake yi. Ba ta faɗa ba. Ta yi godiya ta fita.

Washegari da safe, Ciyaman yana karyawa, ta zauna nesa da shi kaɗan ta bari ya kai rabin kofi.

"Baban yara, ina roƙon arziki. Ku koma tsakar gida da zaman nan."

"Tsakar gida? Inda katangar ba ta kai kafaɗata ba? Maƙwabta su riƙa leƙe, gobe a ce shugaban dillalai yana turara wa 'ya'yan mutane hayaƙi?"

"To, a cire ƙusa ɗaya. Gefe ɗaya kawai."

"Ke ce za ki biya tarar?"

"Ba na iya numfashi."

"Ga shi kina magana." Ya kurɓi shayi. "Ki yi haƙuri mana, a gama zaman majalisar nan. Shekara nawa muke tare ina sha, me ya same ki? Kuma ki tuna, wannan abin da kike yamutsa wa fuska, shi ya yi rufin nan. Shi ke karantar da 'ya'yanki. Na taɓa miƙa miki kara na ce ki ja?"

"Ba ka taɓa ba."

"To, ai kin ji."

Da ta ga haka, ranar hutu ta shirya ta tafi wurin surukarta. Hajiya tana kishingiɗe tana jan carbi. Ta saurare ta har ƙarshe, ta yi mata sannu sau biyu a tsakiyar tari, sannan ta gyara zama.

"'Yar nan, mahaifinsa ya sha taba tun ina amarya har ya koma ga Allah. Ga ni nan, da haƙorana. Ciwo na Allah ne. Ku 'yan boko, da an faɗi abu a rediyo sai ku kwaso shi ku sa wa jikinku."

"Hajiya, Baba a zaure yake sha. Kuma shi kaɗai."

"Yana dukanki?"

"A'a."

"Ya hana ki ci, ko sutura?"

"A'a."

"To, me zan kira shi in ce masa? In ce ya kori baƙinsa? Namiji da gidansa? Ki nemi zuma da citta, ki daina kwana ƙarƙashin fanka."

Ta kira yayanta a waya a hanyar komawa. Tambayoyin nan biyu ya yi mata, kamar sun haɗa baki da Hajiya, sannan ya ce mutumin nan ba giya yake sha ba, ba caca yake yi ba, ta rufa wa kanta asiri. Ta lura duk wanda ta kai wa kuka, abin da mijinta bai yi ba yake lissafa mata. Wanda yake yi kuwa ba shi da suna a bakin kowa, don ba ya barin shaida a fata.

Kwanaki suka yi ta tafiya, jikinta yana ja baya. Ta daina kwanciya miƙe, sai ta jingina da filo. Abin shaƙar da ke yi mata wata guda, yanzu kafin ta ankara ya ƙare. Shara sai ta huta a tsakiya. Zoben hannunta ya fara zamewa.

Wata ranar da ba makaranta, Ciyaman ya fita tun safe. Falon ya kwana da hayaƙin jiya, ya yi nauyi, ya yi tsami. Ta zauna mannin sitika, ƙirjinta yana fito kamar an sa usur a ciki. Ta dubi tagar. Ta daɗe tana dubanta. Sai ta tashi ta shiga madafa, ta ɗauko tsohuwar wuƙa da taɓarya, ta cusa bakin wuƙar a ƙarƙashin kan ƙusa tana bugawa. Ta farko ta fito da ƙyar. Ta huta. Ta biyu ta lanƙwashe. Farcenta ya tsage, jini ya ɓata mata zani, ba ta bari ba. Da ta turo tagar, iska ta shigo ta ɗaga labule, ta watsa sitikun da ke kan tabarma. Malama ta ɗora haɓarta a kan katakon tana shaƙa, idonta a rufe.

Mai kantin magani ya ɗago kai daga baranda ya gan ta. Ya ga leɓenta, ya ga yadda kafaɗunta ke ɗagawa.

"Malama, lafiya kuwa? Kwana biyu ba na ganin tagar nan a buɗe."

"Kai ka sa aka rufe ta," ta ce, ba da faɗa ba.

"Ni cewa na yi masu ciwo suna zuwa saye, hayaƙi yana damunsu. Ban ce..."

"Na sani. Gaskiyarka ce."

Ta yi niyyar mayar da tagar kafin la'asar, barci ya sace ta a zaune a wurin, irin wanda ta daɗe ba ta samu ba. Muryar Ciyaman ce ta tashe ta. Yana tsaye a kanta, Lauya da sauran suna bayansa a bakin ƙofa.

"Wa ya taɓa tagar nan?"

"Ni ce."

"Ke ce." Ya juya ya dubi abokansa, ya dawo da ido kanta. "Saura 'yan kwanaki in tsaya gaban majalisa, shi ne za ki tona mini asiri? Su wa suka aiko ki? Masu zanga-zangar nan da ke yawo da kwalaye suna zaginmu?"

"Iska nake nema."

"Iska! Ga tsakar gida can, an hana ki? Ki je ki sha iskar har ki ƙoshi."

"In na je, wa zai manna maka hoton? Wa zai kawo shayi? Kuma a ina zan kwana?"

Ba ta taɓa mayar masa da magana a gaban mutane ba. Lauya ya yi gyaran murya.

"Matarmu, ki fahimta. Magana ce ta 'yanci. Yau in aka hana mutum abin da yake so a cikin falonsa, gobe me za a hana shi?"

"Numfashi," ta ce.

Ba wanda ya yi dariya. Ba wanda kuma ya fasa abin da ya zo yi. Kafin magariba kafinta ya dawo, wannan karon da falanki, ya gicciya shi a kan tagar ya bi shi da manyan ƙusoshi. Duk bugun da ya yi sai ta ji shi a haƙarƙarinta.

Ranar zaman majalisa Ciyaman ya sa fararen kaya, ya fesa turare har sai da ta kau da kai. Abokansa sun zo tun da sassafe don maimaita jawabi, suka cika farantai da guntaye, suka fita suka ja ƙofa. Ba ta je makaranta ba, ƙafafunta sun ƙi. Ya bar mata katan na ƙarshe, ya kuma kunna mata rediyo.

"Ki saurara ki ji mijinki."

Ta saurara. Wata likita ta fara magana, ta kawo alƙaluma. Wani ya ce a ninka haraji. Wani ya ce a hana sayar da kara ɗai-ɗai. Wata mata ta ce dokar farko ta yi nasara, yanzu an tsarkake tasha da kasuwa da makaranta, jama'a sun tsira daga hayaƙin da ba nasu ba. Aka yi tafi. Malama ta ɓare sitika, ta manna, ta shafe. Tana jira ta ji ko cikin masu son dokar ko masu ƙinta wani zai tambayi inda hayaƙin ya koma. Ba wanda ya tambaya.

Sai ga muryar Ciyaman, a natse, gwanin daɗi.

"Ya ku masu girma, mu masu bin doka ne. Ni da nake gabanku, tagar gidana na sa aka rufe don kada hayaƙina ya dami ko mutum ɗaya a waje. Amma baligi yana da zaɓi. Ba mu taɓa tilasta wa kowa ba. Duk wanda hayaƙin nan ya shiga ƙirjinsa, shi ya zaɓa."

Ta miƙa hannu ga abin shaƙarta. Ta fesa, ba abin da ya fito. Ta girgiza, ta sake. Ƙirjinta ya rufe kamar an ɗaure bakin buhu. Ta yunƙura ta tashi, ɗakin ya juya. Ƙofar waje tana da nisa, tagar ce kusa. Ta ja jiki ta isa gare ta, ta ɗauki farantin toka tana buga falankin, tana bugawa, har farantin ya fashe.

Mai kantin magani ne ya ji. Shi ya ɓalle ƙofa, shi ya tsayar da mota.

Ta farfaɗo a gadon asibiti da roba a hanci. Sai bayan kwanaki likita ya zo da hoton ƙirjinta, ya ɗaga shi a gaban haske. Ciyaman yana zaune a gefe, hularsa a gwiwa. Malama ta dubi hoton. Ba shi da launi irin na sitika, amma ba ta buƙaci a yi mata bayani ba. Ta shafe makonni tana miƙar da ɗan uwansa da babban yatsa.

"Baiwar Allah," in ji likita, "kada ki ji kunyata. Tun yaushe kike shan taba?"

"Matata ba ta shan taba," Ciyaman ya yi caraf. "Malamar makaranta ce. Alli ne."

Likita ya sauke hoton. Ya dubi Ciyaman, ya dubi yatsunsa biyu da suka rine, ya dubi tudun kwalin da ke aljihun gaban rigarsa.

"Alli," ya ce.

Ya yi musu bayani a taƙaice. Huhun ya daɗe yana cin wuya a hankali, watannin nan suka ƙarasa shi. Abin da ya lalace ba zai dawo ba. Aji kuwa ta yi sallama da shi. Za a sallame ta, amma da tukunyar iskar oksijin za ta koma gida, kuma yawancin yini tana maƙale da ita.

Wata nas ce ta raka su gida don ta nuna musu yadda ake amfani da tukunyar. Doguwar tukunya ce ta ƙarfe, aka gangaro da ita aka tsayar a falo kusa da kujerar da Malama ta zube. Nas ta shaƙi iskar ɗakin, ta dubi falankin da ke kan taga, ta dubi farantan toka.

"Wa ke shan taba a nan?"

"Baƙi ne," in ji Ciyaman. "Jefi-jefi."

"To, ka ji da kyau, Alhaji. Ba ashana, ba sigari, ba ko tartsatsi kusa da wannan abu. Iskar nan wuta take ciyarwa. In ta taru a rufaffen ɗaki irin wannan, kara ɗaya ya isa. Labule, katifa, rufi, komai zai tashi kafin a ɗebo ruwa."

"Komai?"

"Komai."

Malama tana kallonsa. Ta ga lokacin da maganar ta shige shi. Ta ga idonsa ya tashi daga kan nas, ya tsallake tukunyar, ya tsallake ita kanta da robar da ke hancinta, ya sauka a kan ƙofar sito. Can ya tsaya.

Kafin nas ta gama haɗa jakarta an aika kiran kafinta. Ya zo ya ɓamɓare falankin da ya buga da hannunsa, ya zare ƙusoshin, ya tura tagar ta buɗe har bango. Ciyaman da kansa ya kwashe farantan toka. Ya tattara ashanar gidan kaf. Ya samo kwali ya rubuta da manyan baƙaƙe, an hana shan taba a nan, ya manna a ƙofar falo, ya ja da baya ya duba ko ya miƙe.

Da la'asar Lauya ya iso da kara a baki bai kunna ba tukuna. Ciyaman ya tare shi tun daga soro.

"Kada ka soma! Wallahi in ka ƙyasta ashana a gidan nan, ni da kai har abada."

"Haba Ciyaman, ina maganar 'yanci?"

"Ka kai 'yancinka gidanka."

Suka kai shi kuwa. Washegari majalisar ta koma falon Lauya, wanda matarsa ke goyon jariri.

Labari ya zaga unguwa. Hajiya ta zo dubiya, ta ga kwalin da ke ƙofa, ta share ƙwalla da bakin mayafi.

"Kin gani ko, 'yar nan? Na ce miki ki yi haƙuri. Dubi yadda ya kori abokansa saboda ke. Maza nawa za su yi haka?"

Yayanta ma ya bugo waya ya ce a miƙa masa Ciyaman ya yi masa godiya. Duba-gari ya wuce ya ga taga a buɗe ba hayaƙi, ya ɗaga hannu ya yi jinjina. A majalisar dokoki an ɗage zama, za a ci gaba da muhawara, masu so da masu ƙi kowa ya ce shi ya yi rinjaye.

Malama tana jinsu duka. Magana yanzu tsada take yi mata, kowace kalma sai ta saye ta da numfashi. Tana zaune a bakin taga, iska tana kaɗa labulen da aka wanke, tana jin hayaniyar yara 'yan makaranta suna wucewa a titi. Ta roƙi iskar nan da bakinta, an ce ruwan sanyi ne. Ta roƙa da tari, an ce alli ne. Ta roƙa da jinin farcenta, an kawo falanki. Sai da aka shigo da tukunyar ƙarfe, wadda ba ta da baki, ba ta da aure, ba ta da haƙuri, sannan aka saurara.

Kullum da safe kafin ya fita, Ciyaman yakan tsaya a gefenta. Ya sunkuya ya kara kunne a kan tukunyar ko tana yoyo. Ya taɓa makunninta, ya gyara mata tsayuwa, ya matsar da ita kaɗan daga ɓangaren sito.

"Lafiyarta ƙalau," yakan ce, sannan ya sa hula ya fita.